Shekarar da Babanku Ya Zauna a Bencin Baya

Rahila, ke kika fi kowa tunawa, domin a shekarar nan kin riga kin isa ɗora tukunya. Ƙannenki kuwa abin da suka sani tsintuwa ce a bakin mutane, bakin mutane kuma kasuwa ne, kowa da irin hajarsa. Na ji an ce da mace aka kama babanku. Na ji an ce giya ya koma wa a ɓoye. Wadda ta fi yi mini ciwo, domin daga bakin dangi take fitowa, ita ce wai ni na tona asirin mijina a gaban Baturiya, na jawo aka tuɓe shi daga dattijantakar ikilisiya. Biyun farko ƙarya ce tsagwaronta. Ta ukun akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa na ɗauki biro da wannan tsohon hannu nawa. Karatuna na ajin manya ne, don karanta Littafi Mai Tsarki aka koya mana, saboda haka ku yi haƙuri da rubutun.

A gidan Maguzawa aka haifi babanku, a ƙauyenmu da ke tsakanin Danja da Maska. A gidan nan taba ba abin ɓoyo ba ce. Ana shuka ta bayan rumbu, a shanya ganyen a kan danga, tsofaffi maza da mata kowa da lofensa. Yaro in ya isa riƙe fartanya ya isa a miƙa masa ya ja. Da ya karɓi bishara aka yi masa baftisma a rafi, sai ya bar burkutu, ya bar tsafi, ya fasa lofensa a kan dutse mutane suna kallo. Burkutu da tsafi sun tafi ba su dawo ba. Taba kuwa zagayawa ta yi ta bayan gida ta shigo. Duk kaka, in ya bi motar auduga zuwa Funtua, sai ya dawo da kwalin sigari a naɗe cikin tsumma a ƙasan buhu. Da safe ya ce zai je duba gona, ko da kuwa rani ne, ba abin dubawa sai kara.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin abin ba. A farkon shekarun tamanin ikilisiyarmu ƙarama ce, kewaye da Musulmi da kuma danginmu da ba su tuba ba, kowa ya zuba mana ido. Abin da ya raba mu da gidajen da muka fito kuwa a bayyane yake: mace ɗaya, ba giya, ba taba. Wanda aka kama sai a sa shi horo. A kira sunansa ranar Lahadi a gaban kowa, a faɗi laifinsa, ya koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ba ya addu'a a fili, ba ya cin jibin Ubangiji, har sai ikilisiya ta ga tubansa. In ya mutu cikin horo, za a binne shi, amma ba waƙa, ba wa'azi, fasto ya yi gajeriyar addu'a a watse. Babanku dattijon ikilisiya ne, shi ke ɗaga waƙa, kuma sau da yawa shi ake ba wa aikin kiran sunan mai laifi saboda muryarsa na kai wa har waje.

Na sani tun shekarar aurenmu ta farko. Mai wanki ba a ɓoye mata komai. Ina ganin 'yan hujojin wuta a gaban riga, ina jin ƙamshin kanumfarin da yake taunawa kafin ya shigo gida, kanumfari kuwa ba ya kashe warin taba, aure suke yi su haifi wani wari na uku. Ban taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai taɓa yi mini ba. Ya san na sani, na san ya san na sani, muka zauna a haka shekara ashirin da ɗoriya muka haife ku duka. Ina ɗinke hujojin da zare mai kalar rigar, in ninke in ajiye masa.

Tarin kuwa tsoho ne, ya girmi wasunku. Kuna gane dawowarsa da tari tun daga bakin rafi. Kullum da safe sai ya zauna a kan turmi ya yi ta kakarin fitar da kaki kafin ƙirjin ya buɗe, in ya hau rumbu ya sauko sai ya dafa bango ya huta. Muka sa masa suna sanyi. Na dafa citta, na dafa ganyen gwaba, na shafa man zafi, muna ta lallaɓawa. Amma a shekarar nan, bayan an gama cirar auduga, tarin ya canja murya. Ya koma busasshe, mai zurfi. Wata safiya ina shara na ga jini a cikin kakin, siriri kamar zare. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Ranar wata Lahadi ya ɗaga waƙa muryar ta shaƙe a tsakiyar baiti, wani ya karɓa.

Muka tafi asibitin mishan. Likitar Baturiya ce, doguwa, ba ta daɗe da zuwa ba, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Mai yi mata tafinta Malam Iliya ne, mutumin gundumarmu, wanda babanku ya taɓa koyar da shi a ajin baftisma. Da ya gan mu sai ya durƙusa har ƙasa. Likita ta ɗora abin saurare a bayan babanku, ta daɗe tana ji, sannan ta yi tambaya. Ba na jin Turanci, amma na ga ta kai yatsu biyu bakinta ta ja iska, ko kurma ya san abin da take nufi. Malam Iliya bai ko juyo wajenmu ba. Ya yi 'yar dariya ya ba ta amsa da kansa, sannan ya ce mana:

"Wai tana tambaya ko Baba na shan taba. Na ce mata dattijon ikilisiya ne. Ba ta san mutane ba tukuna, Baba, a yi mata haƙuri."

Babanku ya dubi ƙasa. Ni ma na dubi ƙasa. Ba wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan, ladabi ne ya yi mana aikin. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga duhu a saman huhun dama, aka ce tibi ne, wato tarin fuka, domin a ƙasarmu in an ga irin wannan duhu ga mutumin da ba ya shan taba, tibi ake fara zato. Aka rubuta allura da ƙwayoyi. Muka dawo gida, na ware masa kwanonsa da moɗarsa, na kwashe ku zuwa ɗakin kakarku. Tibi ma abin kunya ne a lokacin, amma kunya ce mai mutunci. Matan zumuntar ikilisiya suka yi ta zuwa da kunu da addu'a, suna tsayawa daga bakin ƙofa.

Ya sha allura har mazaunansa suka yi tauri, zama ya gagare shi sai a karkace. Rani ya wuce, aka yi ruwan shuka, ba sauƙi. Wansa, Baba Nomau, shi ya nome mana gona a shekarar. Kun san shi, bai taɓa tuba ba har ya mutu, kuma har lokacin bai taɓa taka majami'a ba. Wan miji ne, akwai kunya tsakaninmu, ba ya yi mini magana kai tsaye, sai dai ya fuskanci bango ko akuya ya faɗi abin da zai faɗa. Wata rana ya zo duba ƙanensa, lofe a baki, ya kama hannunsa ya juya, ya ce da akuyar da ke ɗaure:

"Wanga hannu na san shi. Haka na tsohonmu ya yi kafin shi tafi. A gaya ma masu allura su sake dubawa."

Sai a ranar na lura da yatsun. Kawunansu sun kumbura sun yi kamar kan taɓarya, faratan sun lanƙwasa sun rufe su. Kullum ina zuba masa ruwa yana wanke hannu, amma ban gani ba sai da aka nuna mini.

Da muka koma asibiti likitar ta riga ta koyi Hausa daidai gwargwado, tana mai da mace namiji, namiji mace, amma ana fahimta. Ta sa aka auna nauyinsa, ta girgiza kai. Aka ɗebi jininsa aka tsayar a wata siririyar kwalba mai zane-zane, aka ce mu jira. Da aka dawo da ita jan ya zube ƙasa da sauri, ruwa-ruwa ya taru a sama, ta ce wannan alama ce jiki na faɗa da wani abu babba. Ta duba takardun kaki, duk awon da aka yi ba a taɓa ganin ƙwayar tibi ba. Sannan ta kama yatsunsa ta haɗa farce da farce tana leƙawa. Ta sa ya ce "a", muryar ta fito kamar ana jan buhu a ƙasa. Ta zauna, sannan ta yi magana a hankali, da mu take yi, ba da tafinta ba.

"Masu shan taba da tsohon tari suna da yawa," in ji ta. "Ba duka suke samun ciwon daji ba. Don haka muna duba alamu, mu san wane ne yake cikin haɗari. Yatsu, murya, rama, jini a kaki, jinin kwalba. Baba yana da su duka. Da yana shan taba, yau zan tura shi Zariya, ba gobe ba. Amma tun da ba ya sha, wataƙila tibi ne mai taurin kai. Za mu canja magani, mu ga bayan damina."

Malam Iliya na tsaye a gefenta yana gyaɗa kai. Na dubi babanku. Ya kafa ido a kan yatsun ƙafarsa. Na ba shi lokaci, Allah ya sani na ba shi. Likita ta ɗauki biro ta fara rubuta sabon magani. Na ga bayan damina a idona, na ga ba zai kai ba. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Yana sha."

Biron ya tsaya. Ta ce, "Mama?"

"Yana sha, likita. Tun yana yaro. Bai taɓa bari ba."

Malam Iliya ya juya ya shiga gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara. Ni kuwa ji na yi kamar zanena ya kwance a tsakiyar kasuwar Danja. Likita ba ta yi faɗa ba, ta yage takardar ta rubuta wata. Babanku ya tashi ya sa hularsa, ya gode mata, ya fita. A mota har gida bai dubi inda nake ba.

A babban asibitin Zariya suka karɓi kakinsa na safiya suka duba a madubin awo, suka ce sun ga ƙwayoyin jiki da suka canja kama. Suka sake hoto, duhun ya ninka na farko, ya kama jijiyar murya. Wani likita matashi ya kira ni gefe ya ce ciwon daji ne na huhu, ya wuce yanka, da tun zuwan farko aka turo shi da wataƙila an gwada wani abu. Ya ba mu maganin rage zafi ya ce mu koma gida. Jikata da ke aikin jinya ta gaya mini yanzu ana neman irin alamun nan a cikin jini tun ciwon bai fito ba, a gane wane mai shan taba ne ke bakin rami. Na ce madalla, amma ko a zamaninmu alamun sun yi magana, mu ne muka rufe musu baki. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: maganar da na yi ba ta ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Na zubar da mutuncin mijina, ban sayi komai da shi ba.

Kafin mu dawo daga Zariya labari ya riga mu isa. Ba na zargin Malam Iliya da mugunta, matarsa kawai ya gaya wa, ita ma ƙanwarta kawai ta gaya wa. Fasto Yohanna ya zo da dattawa biyu, suka zauna a zaure. Ina daga ciki ina jin su suna kewaye-kewaye, suna ba shi ƙofar da zai fita, ko ya ce tsohon abu ne, ko ya ce likita ba ta ji daidai ba. Da sauran muryar da ta rage masa ya ce:

"Gaskiya ne, Fasto. Ku yi mini yadda na yi wa wasu."

Ranar Lahadi aka kira sunansa. Ya tashi daga kujerar dattawa da ke gaba, ya bi ta tsakiyar majami'a yana dafa benci, yana tsayawa yana numfashi, har ya kai na ƙarshe. Tafiyar nan ba ta fi tsawon tsakar gidanmu ba, amma na tsufa a cikinta. A bencin akwai wani mutum da shi babanku ya kira sunansa shekara guda kafin nan saboda burkutu. Mutumin ya matsa masa wuri, ya share ƙurar da hannun rigarsa. Ni ina ɓangaren mata, layi na biyu, inda matan dattawa ke zama. Ban waiwaya ba. Wuyana ya ƙage, kunnuwana suna zafi, na yi ta kallon ƙeyar matar fasto har aka tashi.

Daga nan kunu ya daina zuwa. A bakin rijiya in na iso sai hira ta koma ta tsadar gishiri. Ba wadda ta zage ni, da ma sun zage ni da na samu abin ramawa. Wata tsohuwa ce kawai, tana taya ni ɗora tulu, ta ce a hankali, "Saratu, mace rufin asirin gida ce, ko da gidan na ci da wuta." Kakarku, uwarsa, ta daina cin tuwona. Ke Rahila kin dawo daga makaranta kina kuka kin ce an ce babanku munafuki ne, na mare ki, ba don kin yi laifi ba, sai don ba ni da amsa. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da shi ya yi mini. Bai yi faɗa ba, bai ɗaure fuska ba. Godiya ya fara yi mini. In na kawo ruwa ya ce na gode. In na gyara masa matashi ya ce na gode, sannu da aiki. Mutumin da shekara da shekaru in na ajiye tuwo sai ya ce miyar ta yi gishiri don kawai ya ja ni da faɗa, ya koma yi mini godiya kamar baƙon da ya kwana a zaure.

Dawa ta fara fitar da kai, shi kuma ya kwanta. Tabar ma ta bar shi da kanta, ba numfashin jan ta. Muryar ta tafi gaba ɗaya, sai raɗa, raɗar ma sai wanda ya saba. Ni kaɗai nake ganewa, ina haɗa motsin leɓe da abin da na san zai ce. Horo a wurinmu ba ya kasa rabin shekara, ni kuma ina ganin ƙasusuwansa ina lissafi. Abin da ke hana ni barci ba mutuwar ba ce, na riga na sallama. Binnewar ce. Mutumin da ya ɗaga waƙa a kan kabarin kowa a ƙauyen nan a sa shi a rami shiru kamar an binne jaki, kuma a ce ni na jawo. Na ɗauki mayafina na tafi gidan fasto, na durƙusa a gaban matarsa da 'ya'yansa.

"Mama, ki tashi," in ji shi. "Lokaci za mu iya ragewa, dattawa sun yarda. Amma ƙa'ida ita ce mai horo ya tsaya gaban ikilisiya ya furta da bakinsa, kowa ya ji. A gaban kowa aka ɗaure, a gaban kowa ake kwancewa. Mijinki ne ya fi kowa tsayawa a kan wannan. In na je na yi masa a ɗaki, shi da kansa ba zai karɓa ba."

Gaskiya ya faɗa. Da na gaya wa babanku sai ya gyaɗa kai ya raɗa cewa a kai shi. Ranar Lahadin da ake cin jibin Ubangiji Baba Nomau ya ɗaura shanunsa a amalanke, muka shimfiɗa katifa. A ƙofar majami'a samari suka taso za su ɗauke shi, Baba Nomau ya ture su da kafaɗa. Ya cire lofensa ya ajiye a kan amalanke, ya goya ƙanensa a baya, ya sunkuya ya shiga. Mutumin da ya rantse ƙafarsa ba za ta taka ɗakin nan ba ya ratsa tsakiyar jama'a da warin taba a jikinsa har gaban bagade, inda fasto ke tsayawa. Ya sauke shi, ya tsaya a bayansa ya riƙe shi ta hammata don ya tsaya da ƙafafunsa.

Babanku ya buɗe baki. Ba abin da ya fito sai iska. Fasto ya kai kunnensa, ya saurara, ya ɗago ya girgiza kai. Wani dattijo ya gwada, shi ma haka. Sai na ga babanku ya ɗaga yatsan nan nasa mai kumburi ya nuna ɓangaren mata. Fasto ya dubi dattawa, dattawa suka dubi juna, sannan ya ce:

"Mama Saratu, ki zo ki zama bakinsa. Abin da ya faɗa shi za ki faɗa, kada ki ƙara, kada ki rage."

Ban san yadda na isa gaban ba. Mace ba ta tsayawa a wurin nan sai in shara ta kawo ta. Na kai kunnena bakinsa, numfashinsa na da zafi. Kalmar farko da ya raɗa ita ce "Ni", ta biyu kuwa sunansa ne, domin haka ake fara furci. Sunan da tun ranar da aka kai ni gidansa bai taɓa fita daga bakina ba, ko a ɗaki, ko a mafarki. Ga uwarsa a bakin taga tana leƙe, ga wansa a gabana, ga ku a zaune. Na rufe ido na faɗe shi da ƙarfi, har na ji wata mata ta ja numfashi.

Daga nan ya yi ta raɗawa ina ɗagawa. Na ce na sha taba a ɓoye tun ranar da na fasa lofe. Na ce na kira sunayen 'yan'uwa a wurin nan alhali warin nawa laifin na cikin aljihuna. Na ce ina roƙon gafarar Ubangiji da ta ikilisiya, da ta duk wanda na kunyata. Ina faɗa ina jin kamar laifina nake faɗa, kuma da nawa a ciki, tun da ni ke ɗinke hujojin. Ya huta, ya haɗiyi yawu da ƙyar. Na ɗauka ya gama, sai ya jawo mayafina ya sake raɗawa. Ga abin da ya ce, ba wanda ya taɓa ji sai yau:

"Matata ta faɗi gaskiyar da ni na kasa. Ta fi ni tsoron Allah. Kada wanda ya ƙara ganin laifinta."

Na ɗago. Ido ɗari a kaina, har da na matan rijiya. Yaya zan buɗe baki in yabi kaina a gaban ikilisiya, in ce wai shi ya ce? Wa zai yarda, tun da ni kaɗai ke ji? Ko sun yarda, da wane ido zan sake kallonsu? Fasto ya ce, "Me ya ce, Mama?"

Na ce, "Ya ce ya gama."

Fasto ya tambayi jama'a ko sun karɓe shi, hannuwa suka tashi, na mutumin bencin baya ya riga na kowa. Aka kawo jibi. Gutsuren burodin bai wuce masa ba, sai da fasto ya jiƙa shi a cikin ƙoƙon ya ɗiga masa a harshe. Wani ya ɗaga waƙa, Baba Nomau ya sake goya shi suka fita ana rerawa. Bai kai girbin dawa ba, kuma kun ji da kunnenku irin waƙar da aka yi a kan kabarinsa.

Amma a hanyar komawa gida ran nan, ina zaune a amalanke na ɗora kansa a cinyata, shanu na tafiya a hankali tsakanin gonaki, sai na ga leɓensa na motsi. Na sunkuya.

"Ba ki faɗa ba," in ji shi.

Na ce, "Ban iya ba, Malam. Kunya ta hana ni."

Sai ƙirjinsa ya fara girgiza. Na tsorata, na ɗauka tarin ne ya taso, ashe dariya yake yi, irin wadda rabona da ita tun kafin asibiti. Ya kama hannuna da yatsun nan nasa ya matse.

"To, kin ji yadda take," ya raɗa. "Haka ta riƙe ni shekara talatin."

Da muka isa gida na kawo masa ruwa, ya sha, bai ce na gode ba.